Na je ƙarshen Kubrus, inda jakuna ke tare hanya

Tun da na dawo Jos mutane ke damuna a WhatsApp wai in ba da labarin tafiya, kowa hoton jakin nan da ya cusa kai cikin mota yake tambaya, to gashi dai na zauna zan rubuta, amma ku yi haƙuri don ba labarin jaki kaɗai ba ne.

Abin da ya kai ni tsibirin Kubrus, wanda yaranmu masu karatu can suke kira Saifuros, bikin yaye ƙanina ne a garin Magusa da ke arewacin tsibirin. Wanda bai sani ba, tsibirin nan a rabe yake gida biyu tun 1974, kudu Girkawa arewa Turkawa, kuma ɓangaren arewan da ɗalibanmu suka cika, wanda ya ayyana kansa ƙasa a 1983, duk duniya Turkiyya ce kaɗai ta yarda da shi. Shi ya sa babu jirgin da zai kai ka kai tsaye, dole sai ka fara sauka a Turkiyya sannan ka hau wani zuwa filin jirgin Ercan, kuɗinsu ma lirar Turkiyya ce, amma tuƙi a hannun hagu suke yi irin na Ingila don Turawan Birtaniya sun riƙe su daga 1878 har 1960. Ni dai duk zaman da na yi gabana faɗuwa yake in za mu tsallaka titi.

Da aka gama biki sai yaron nan ya ce “Yaya, kin zo har nan ba za ki koma da hoton shaguna kawai ba, gobe Karpaz za mu.” Na ce ina ne kuma Karpaz, ya buɗe taswira a waya ya nuna min wani dogon tsiri da ya miƙe arewa maso gabas, ya ce can ƙarshe. Shi da abokinsa ɗan Zariya suka haɗa kuɗi suka yi hayar mota, muka fita bayan asuba don rana a can lokacin zafi ba ta da mutunci, ni kuma 'yar Jos ce da ta saba da rigar sanyi ko a watan Yuli.

Farkon hanyar ba wani abin kallo, wajen Iskele dogayen benaye ne ake ta ginawa a bakin teku, wasu an gama wasu sai ƙarafa, an liƙa allunan talla da Turanci da Rashanci. Sai da muka wuce Bogaz sannan gine-ginen suka fara ja baya, sai gonakin alkama da sha'ir da an riga an girbe, itatuwan zaitun, tumaki da awaki, ƙauye nan ƙauye can. Daga Yenierenkoy zuwa gaba kam motoci ma sai jefi-jefi.

Dipkarpaz shi ne ƙauye na ƙarshe mai ɗan girma, Girkawa kuma Rizokarpaso suke ce masa. Muna shiga tsakiyar garin abin da na fara gani coci ce ta farin dutse, tsohuwa, Ayos Sinesiyos, ga masallaci can kusa da ita da doguwar hasumiya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai ka gaji ba. Ga shagunan shayi, tsofaffi zaune a kujerun roba suna buga wani wasan allo da ƙwayoyi, ba mai ɗaga murya. Ɗan Zariya ya fara “kai masha Allah kun ga zaman lafiya”, ni kuma na yi shiru, don mutumin Jos in ya ga coci da masallaci kusa da juna abin da yake fara tambaya shi ne su waye suka rage a unguwar kuma su waye suka tashi.

Kuma tambayar tana da amsa. A watan Yulin 1974 sojojin da ke mulkin Girka suka ɗaure wa juyin mulki gindi aka kifar da shugaban Kubrus Makarios, bayan kwana biyar Turkiyya ta sauke sojojinta a tsibirin, daga nan Girkawan arewa suka kwarara kudu, Turkawan kudu suka hau arewa, kowa ya bar gida da gona. Girkawan Karpaz su sun makale ne saboda suna can ƙurya, hanya ta yanke kafin su ankara, dubbai suka rage. A 1975 aka yi yarjejeniya a Biyana, babban birnin Austriya, cewa wanda ya so zama ya zauna, amma shekara bayan shekara suna ta raguwa, babban dalili kuwa makaranta, yaro in ya gama firamare sai ya tafi kudu karatu kuma ba lallai ya dawo ba, sai a 2004 aka sake buɗe musu sakandare a ƙauyen. Yanzu 'yan ɗaruruwa ne suka rage yawanci tsofaffi, har yau sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suna kawo musu kayan abinci daga kudu a mota duk mako. Gidajen waɗanda suka tafi kuma an zaunar da mutanen da aka kawo daga Turkiyya, waɗanda su ma yanzu sun haifi 'ya'ya da jikoki a nan, ba su san wani gida ba.

Wallahi ina zaune ina shan shayinsu a ɗan ƙaramin kofin gilashi sai tunanin garinmu. Wanda ya san Jos kafin 7 ga Satumban 2001 ya san yadda unguwanni suke a cakuɗe, bayan nan da 2008 da 2010 kowa ya tattara ya koma inda nasa suke, aka yi ta musayar gidaje ana sayarwa a wulaƙance, yau akwai yaran da aka haifa a Unguwar Rogo ko Gangare da ba su taɓa zama aji ɗaya da Kirista ba, haka can ɗaya ɓangaren ma. In baƙo ya zo ya ga an yi shekaru ba a ji harbi ba sai ya ce an zauna lafiya, mu da muke ciki mun san wane titi ne ba a bi da daddare. Ban ce mutanen Dipkarpaz suna gaba da juna ba fa, a'a, na ga suna gaisawa, na ga tsohuwa cikin baƙaƙen kaya tana sayayya a shagon Baturke ana wasa da dariya. Kawai dai shirun ƙauyen ya yi yawa, gidaje da dama a kulle, tagogi sun ruɓe, kuma na san irin wannan shirun.

To, teku. Daga ƙauyen akwai 'yar siririyar hanya da ta gangara arewa, 'yan kilomitoci kaɗan, kana tafiya cikin gonaki kawai sai ka ga ruwa ya bayyana shuɗi shar har ƙarshen ido. Wurin sunansa Ayos Filon, wani ɗan lungu ne da teku ya shigo cikin ƙasa, duwatsu sun kare shi ta gefe, shi ya sa ruwan ke kwance ba hayaniya. A bakin gaɓar akwai kangon tsohuwar coci, rufin ya tafi sai bango da baka-bakan ƙofofi, an gina ta ne a kan wata da ta fi ta tsufa tun ƙarni na 5, kuma daɓen waccan ta farkon yana nan, duwatsu masu launi ja da fari da ruwan ɗorawa an jera su zane-zane, ba shinge ba mai gadi, kana iya tsayawa a kai da takalminka, abin har ya ɗan ba ni haushi. A da nan garin Karpasiya yake, tashar jiragen ruwa ce, in ka leƙa cikin ruwan za ka hango manyan tubalan dutsen da aka jera don tare igiyar ruwa tun zamanin Rumawa. Ƙanina ya ce ranar da sama ta washe sosai ana hango duwatsun Turkiyya a tsallake, mu dai ranar akwai hazo ba mu gani ba.

Mutanen da muka tarar ba su da yawa, wasu Turawa mata da miji, wani mai kamun kifi da ƙugiya, shi kenan. Yaran suka faɗa ruwa, ni na naɗe zani zuwa ƙauri na tsaya inda ƙafata ke taɓa ƙasa, don mu tarbiyyar da aka yi mana a Jos ita ce kar ka kusanci tafkunan kuza, suna cin mutane, wannan tsoron ba ya fita ko ka girma. Ruwan garau, kana ganin 'yan kifaye suna zagaya yatsunka, ga ɗumi, ga gishiri da ke bushewa fari a fata. Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan tekun muka shimfiɗa ɗankwali da tawul a kan dutse, alƙibla kudu maso gabas ba gabas da muka saba ba, sai da waya ta nuna mana.

Can yamma kaɗan akwai wani lungun da ya fi wannan yashi, Ronnas, hanyarsa ba kwalta, motar haya ta sha wahala ni kuma ina ta salati ina tuna kuɗin da za a caje su in ta lalace. A nan na ga wasu ƙananan kejin waya an kikkifa a kan yashi an sa musu alama, ashe gidajen ƙwan kunkurun teku ne. Uwar tana fitowa da daddare daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, ta haƙa rami da ƙafafun baya ta zuba ƙwai wajen ɗari ta rufe ta koma ruwa, ba ta sake waiwayarsu, rana ce ke yin kwanci, bayan kamar wata biyu su ƙyanƙyashe su rarrafa zuwa teku. Kejin don karnuka da yanyawa ne masu tonewa. Abin da ya fi ba ni mamaki, zafin yashin ne ke yanke ko mace za a samu ko namiji, in ya yi zafi sosai mata ne za su fi yawa. Kuma 'ya'yan hasken saman ruwa suke bi, in akwai fitilun otal a bayansu sai su juya su nufi tudu su mutu, don haka duhun wurin da rashin gini shi ne ya sa har yanzu suke zuwa. Da tsibirin bai rabu ba, da jirage na sauka kai tsaye daga Turai, ina kyautata zaton da tuni an cika nan da otal kamar Ayiya Napa a kudu. Kuma benayen nan na Iskele da na gani da safe, hanyar nan suke biyowa a hankali.

Abinci a ƙauyen muka koma muka ci, kifi gasasshe da burodi da cukunsu da ake soyawa ba ya narkewa, hellim, sai wata miyar ganye da naman rago da suke kira molohiya, ina kai loma na ce ai wannan lalo ne, busar da shi suke yi kamar mu, sai dai su suna zuba lemun tsami da tumatir da yawa kuma ba sa son yauƙi. Ba tuwo, da burodi ake ci, Allah ya ba su haƙuri.

Jakunan kuma sai da muka ɗauki hanyar ƙarshen tsibirin wajen gidan ibadar Apostolos Andreas, wanda Girkawa da Turkawa suka haɗa kuɗi aka gyara aka gama kashin farko a 2016. Asalinsu na manoma ne, da aka gudu aka bar su, ga kuma tarakta ta zo ba mai buƙatarsu, suka koma daji suka hayayyafa, yanzu sun gane mota na nufin abinci, sai su tsaya tsakiyar titi ba za su matsa ba sai ka sauke gilashi. Manya ne fa, sun fi namu na gida tsayi da gashi. Ɗan Zariya yana miƙa karas ɗaya, wani ya zuro kai har kan cinyata ya ja ledar gaba ɗaya, ihun da na yi yana cikin bidiyon da ƙanina ya ƙi gogewa.

Masu 'ya'ya ko ƙanne a Magusa ko Lefkosha da ke shirin zuwa biki, ku ware yini guda cur, ku cika tanki tun a Yenierenkoy, ku riƙe tsabar lira a hannu don ba ko'ina kati ke aiki ba, ku tafi da ruwan sha da hula. Lokacin ƙwai ba a son a zauna bakin yashin da dare kuma kar a kafa lema kusa da kejin. Kabarin sahabiya Ummu Haram kuwa da Hajiyarmu ta ce lallai in ziyarta, yana Larnaka ne a kudu, kuma mai fasfon Najeriya da ya shigo ta Ercan ba a barinsa ya tsallaka, wannan sai an nemi biza daban an shigo ta can.