Abin da kwantar ke ci bayan an kulle biro

A Damagaram ruwan pampo yakan ɗauke da rana, ya dawo cikin dare, lokacin da biro da butik suke kulle. Ma'aikaci ya murɗa robine da azahar, babu ko ɗigo, ya tafi ya bar shi a buɗe. Ruwa ya dawo ƙarfe uku na dare, ya yi ta kwarara har asuba. A garin da ke zaune kan dutse, wanda ake jawo masa ruwa tun daga Ganaram da Arungoza, wannan ɓarna ce babba.

Gwajin gano ko ruwa na zuba cikin dare ba wuya. Da yamma a rufe kowane robine, a rubuta lambar kwantar, wato na'urar da ke ƙirga ruwan da aka sha, da safe a sake dubawa kafin kowa ya taɓa ruwa. In ta motsa, a fara da tankin sama: ƙwallon robar da ke tsayar da ruwa in ya huje ko sandarsa ta lanƙwashe, tanki ya cika ya yi ta ambaliya. Daga nan sai tankin masai, inda robar ƙasa ke taurarewa ta daina toshewa. A ɗiga shuɗi a ciki, a jira minti 15 ba a ja ba. In launi ya sauko, a canza robar. Robine mai ɗigo ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan bido guda na lita 20 a kwana.

Ta fannin kuran kuwa, kilima ce uwar faktir. Mai doki ɗaya da rabi tana jan wajen wat 1,100, fankar sama wajen 70. Sa ta a digiri 16 ba ya sa ɗaki saurin yin sanyi, hana injin hutawa kawai yake yi. A bar ta a 26, a haɗa da fanka. Ragarta kuma, da ƙurar hunturu irin tamu, a wanke duk mako biyu, a bari ta bushe a inuwa.

Masu firiza a Kasuwar Dole: a janye ta daga bango kamar taƙi guda, a maƙale takarda a bakin murfi. In ta zare ba gardama, robar ta mutu. In NIGELEC ta maido wuta, a jira minti biyar kafin a kunna, don kada injin ya tashi kan matsi ya ƙone.