Wasiƙa daga Zangon Kumasi: Baba ya riga mu gidan gaskiya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kano da kewaye.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina rubuto muku ne daga Kumasi, kwana 41 da rasuwar mahaifinmu. Jiya aka yi addu'ar arba'in, an kwashe rumfa da kujeru daga ƙofar gida, sai yau na samu na zauna. Ya cika ne ranar wata Talata bayan sallar asuba, kafin la'asar an kai shi makwancinsa a maƙabartar Tafo. Shekarunsa 92 a lissafinmu, don shi bai taɓa riƙe takardar haihuwa ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne an haife shi zamanin Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, kuma ya baro Kano yana ɗan shekara 20 a shekarar da sarkin ya rasu, 1953. Ƙasar nan ma lokacin Gwalkwas ake ce mata, sai a 1957 ta zama Gana. Fiye da shekara 70 ke nan, amma har numfashinsa na ƙarshe in ya ce "gida", Kano yake nufi. Shi ya sa na ga bai dace ku ji labarin a bakin wani ba.

Goro ne ya kawo shi. Bai riski zamanin madugai da ayarin jakuna zuwa Gwanja ba, wannan sai dai kakan Innarmu, wanda ya biyo ta Salaga. A lokacin Baba an daɗe da bin hanyar da irin su Alhassan Ɗantata suka fitar: a tara goro a dajin Asante, a kai bakin teku, jirgin ruwa ya kai Ikko, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano. Yaron wani maigida ya fara zama, yana ɗaukar kaya yana kwana a zaure, har Allah ya ba shi nasa jarin.

Wanda bai zauna kusa da masu wannan sana'a ba, ba zai san wahalarta ba. Goro kamar jinjiri yake. A jiƙa, a ɓare masa riga, a shanya ya tsane, a jera cikin ganye, a ɗaure huhu. Bayan 'yan kwanaki a kwance a duba ɗaya bayan ɗaya, don ƙwaya guda mai sankara tana iya lalata huhu sukutum. Ina ƙarama nakan zauna gefensa ina kallon yatsunsa suna ware goriya daga minu, fari daga ja, idonsa na kan wanda yake hira da shi. Da ya taɓa mai ciwo sai ya jefa shi gefe bai ko duba ba. Akwai masu cusa irin wannan a tsakiyar huhu su lulluɓe da masu kyau, tunda mai saye yana can Kano, sai an yi makonni zai kwance. Baba bai taɓa yi ba. Yakan ce wanda zai kwance huhun ba ya ganinsa, amma Wanda zai kwance nasa lissafin yana kallo. Bai yi kuɗi irin na a zo a gani ba, kuma na san wannan halin yana cikin dalilai. Amma ranar jana'izarsa wani tsoho Ba'asante, manomin da suka yi ciniki shekaru aru-aru, ya taso daga ƙauye a kan sanda, ya tsaya a bayan sahu har aka idar da salla.

Ya auri Inna a 1962. Ita haifaffiyar Zango ce, ba ta taɓa ganin Kano ba sai da dole ta sa. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Ministan Gana, Busia, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ina da shekara 5, amma ban manta yadda aka fito da gadon Inna da tukwanenta aka sayar a wulaƙance ba. Iyayenta sun ce ta zauna da mu har ƙura ta lafa. Ta ce inda Malam ya sa ƙafa nan za ta sa tata. (Shekara 63 suna tare, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.) Muka hau bayan akori-kura, ta Aflao, Lome, Kwatano har Ikko, ga yaƙin basasa bai ƙare ba a Nijeriya, sannan jirgin ƙasa zuwa Kano.

A nan zan faɗi abin da ya daɗe a raina, ku yi haƙuri da ni. An karɓe mu, an ba mu ɗaki, an ciyar da mu, Allah ya saka da alheri. Amma Inna ta sha dariya. Hausarmu ta nan ba ta cika raba mace da namiji ba, sai ta ce "yarinyar ya zo", matan gida su kwashe da shewa. Ta kai har ta daina magana in ba mu kaɗai ba. Manya kuma suka taso Baba a gaba ya ƙara aure, ya samu 'yar gari mai jin magana. Ba ya ganin laifin ƙarin aure, 'yan uwansa duk sun yi. Ya durƙusa gaban yayansa ya ce wadda ta kwana uku a bayan mota saboda shi, ba zai saka mata da kishiya a garin da ba ta da kowa ba. Inna da kanta ta ba ni wannan labarin daren shekaranjiya, tana cikin takaba, carbi a hannu. Ta ce da dare yakan zaunar da ita yana gyara mata harshe a hankali, ba dariya, ba tsawa.

Da sojojin Acheampong suka kifar da Busia a Janairun 1972, muka dawo. Baba ya sake farawa daga tushe. Can ana ce mana 'yan Gana, nan ana ce mana baƙi, shi kuwa in abin ya dame mu sai ya ce baƙo raɓa ne, kuma duk mai rai baƙo ne. A 1983 abin ya juya: gwamnatin Shagari ta koro mutanen Gana wajen miliyan ɗaya, suka dawo suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa. Na ga Baba ya ji kunya kamar shi ya ba da umarnin. Ya buɗe zaure ga 'ya'yan maƙwabta da suka dawo hannu rabbana, Inna ta riƙa ƙara ruwa a koko don ya kai ga kowa.

Tsufansa ya yi kyau, alhamdu lillahi. Jikoki 31, tattaɓa kunne 9. Jikoki mata duk amarensa ne, kullum suna rigima da Inna kan wa ya fi iya tuwo. Maza kuwa abokan takara, in sun shigo sai ya ce a ɓoye masa matarsa. Da asuba bayan ya dawo masallaci yana kan buzunsa da ƙaramar rediyo yana jin sashen Hausa na BBC, ya fasa goro ya miƙa wa Inna farsa ɗaya. Ko da haƙora suka ƙare, sai a goga masa, amma rabon Inna bai fasa ba. Ranar da aka sanar da rasuwar Sarki Ado Bayero a 2014 ya kashe rediyon, ya wuni bai ci abinci ba.

Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Ke wannan" nake tun ina rarrafe har na yi furfura. Ƙannena sun sha wasa a cinyarsa, ni kuwa sai dai in tsinci tsire a ƙunshe a ƙarƙashin matashina, ba a ce ga wanda ya ajiye ba. 'Ya'yana, da suka tashi da Turanci da Tuwi, yaren Asante, a baki, suna ganin wannan alkunyar rashin so ne. Na kasa fahimtar da su. A makonsa na ƙarshe ni nake ba shi ruwa da cokali, in na juya baya sai in ji yana sa mini albarka ƙasa-ƙasa, yana zaton ban ji ba.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne zumuncin nan shi kaɗai yake riƙe da shi. Shi ya san wane ɗan wane ne, wace ce aka aurar Bichi, wa ya koma Zariya. Duk shekara sai ya aika goron salla, da a hannun direbobi, daga baya kuɗi ta waya. Da ya rasu muka buɗe littafinsa na ajami, muka tarar da sunaye shafi-shafi, rabinsu ba mu san ko suna raye ba. Laifin namu ne da naku. Mu mun yi sake, ku kuma in ɗanmu ya zo ya buɗe baki, dariyar da aka yi wa Inna ita ake yi masa, sai ya dawo ya ce ba zai ƙara zuwa ba.

Duk wanda ya san Baba, ko ya ji labarinsa a bakin iyayensa a Kurmi ko kasuwar goro ta Mariri, muna roƙo ya yafe masa in akwai wani abu, in kuma bashi ne a sanar da mu, za mu biya. Ku sa shi a addu'a: Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba Inna haƙurin rashinsa.

In Inna ta fita takaba, wata 4 da kwana 10, babban ɗana zai taho da littafin nan da huhun goro guda, in Allah ya yarda. Inna ta ce ita za ta zaɓi goron da hannunta. Ku taimaka ku nuna masa gidan da aka haifi kakansa a gindin Dala, ku zauna da shi ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Taku,
'yar farin marigayi,
Kumasi.