Wasiƙa daga Indiyanapolis: Autana bai shiga soja ba, ganga yake kaɗawa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Ina fatan damina ta yi albarka, an kuma shiga kaka lafiya. Mu nan sanyi ya fara leƙowa.

Tun da ɗan bidiyon autana ya zaga a WhatsApp, sanye da kaki, rataye da ƙatuwar ganga a ƙirji, wayata ba ta huta ba. Wasu na tambaya ko soja ya shiga. Gwaggonsa har barka ta yi mini, wai ta ji sojan Amurka akwai albashi mai tsoka. Baffansa kuwa gajeren saƙo ya turo: “A gidanmu ba a gaji kiɗa ba.” Maimakon in bi kowa ɗaya bayan ɗaya, na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, wanda ya sani da wanda bai sani ba duk su karanta.

Yaron nan ba soja ba ne. Gasa ce ta matasa da ake yi a nan duk lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, ƙarƙashin wata hukuma mai suna Drum Corps International, ko DCI a taƙaice. Amma wanda ya ga kama da soja bai yi ƙarya ba, don daga can abin ya samo asali. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion, da coci-coci, da 'yan sikawut, suka riƙa tara yaran unguwa suna koya musu ganga da begila da maci, irin na 'yan badujalar da muke gani a fareti. A 1971 ƙungiyoyi 13 suka gaji da dokokin tsofaffin sojojin, suka ɓalle suka kafa tasu hukumar. Gasar farko an yi ta a 1972 a garin Whitewater na jihar Wiskonsin, Anaheim Kingsmen ta ɗauki kofi. Daga 2009 zuwa yau a nan garinmu ake ƙarƙarewa, a filin Lucas Oil, wanda ke da rufi.

Yau abin ya yi nisa da fareti. Ƙungiya ɗaya takan kai mutum 165, duk matasa, su shiga filin ƙwallon Amurka su yi wasa na kimanin minti goma sha ɗaya. Kusan rabinsu masu busa ƙahonin tagulla ne, manya da ƙanana. Sai masu ganguna da ke tafiya da su a jiki. Sai waɗanda ke tsaye a bakin fili da marimba, wato jerin katakai da ake bugawa da sanda, da manyan tambura da ba sa ɗaukuwa. Sai masu tutoci da takubba da bindigogin katako, suna rawa suna cilla su sama suna cafewa. Ban da na bakin fili, kowa gudu yake yana kiɗa, gaba da baya da gefe, ba mai kallon ƙasa, ba mai riƙe da takarda. Alƙalai na ba da maki bisa ɗari: 30 na kiɗa, 30 na motsi, 40 na yadda wasan ya ratsa mai kallo.

Ni ba a kujerar kallo na fi sanin abin ba, a motar girki na san shi. Kowace ƙungiya na da tirelar da aka mayar kicin, iyaye da tsofaffin 'yan wasa ke aikin sa kai a ciki, ni ma nakan ɗauki hutu in bi su. Sau huɗu ake ciyar da yaran a rana, na ƙarshe bayan an tashi daga wasa, dare ya yi nisa. Daga nan a hau bas a kwana ana tafiya, a isa wata makarantar sakandare kafin asuba, a shimfiɗa katifun iska a ɗakin motsa jiki, maza gefe mata gefe, a ɗan runtsa. Gari na wayewa a fita atisaye, wani lokaci awa goma ko fiye, kowa da jarkar ruwansa. Na bi su Teksas a watan Yuli. Ni da na tashi a zafin Afrilu na gida, sai da na nemi inuwa, su kuwa suna tsakiyar fili ana maimaita musu taku goma sha shida, malaminsu na can saman hasumiya da lasifika yana cewa a koma, a sake. Akwai wata na'ura mai ƙirga bugu da ake haɗawa da amsa-kuwwa, ƙwas-ƙwas-ƙwas tun safe har magariba. Har a barci nake jin ta.

Auta yana cikin masu manyan ganguna, kuma a ganina duk filin babu aikin da ya kai nasu wuya. Su biyar ne, gangar kowa da girmanta da muryarta, daga ƙarama mai zaƙi zuwa uwar mai kauri. Kiɗa ɗaya ake rabawa tsakaninsu, wannan ya buga biyu, na kusa da shi ya karɓa ya buga biyu, haka har ƙasa, cikin ƙiftawar ido. Kun san yadda mata uku ke daka a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi ba sa karo; to ku ƙara mutum biyu, ku sa su gudu a karkace, kuma kowa fuskarsa na kallon gefen fili, ba ya ganin hannun na bayansa. In ɗaya ya makara da ɗan ƙiris, na can saman kujeru ma zai ji gurbin.

Akwai wani wuri a wasansu na bana da gangunan biyar ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa su sake hawa, sauran duk sun yi shiru. Tun watan Mayu suke fama da shi, kullum sai wani ya yi tuntuɓe. Ranar da ya fita tsaf, a wani ƙaramin filin makaranta ne a Ohayo, 'yan kallo ba su da yawa, hadari ma na haɗowa. Ina tsaye bakin shinge da gaban-riga duk miyar tumatir. Ban san kan kiɗan ba, amma na ji abin ya zubo sumul, sai wani dattijo a kujerun gaba ya miƙe ya kurma ihu shi kaɗai, kafin sauran su bi shi. Da suka fito, yaran nan biyar ba su ce uffan ba sai da suka sauke gangunan a jere, suka lulluɓe su, sannan suka rungume juna suna tsalle. Ƙungiyarsu ta zo ta biyu a wannan dare, ko ta uku, su ma ba su damu su tsaya jin sakamako ba.

Auta kuma abin da ya fi ba ni labari shi ne shigarsu Lucas Oil ranar Alhamis, ranar da ƙananan ƙungiyoyi irin tasu ke samun taka babban fili. Ya ce a can kunnenka maƙiyinka ne. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, faɗin filin kuwa ya kusa mita 50, don haka abin da na baya ya buga sai ya ɗan jinkirta kafin ya iso gaba, ga kuma rufin na dawo maka da kiɗan da ka riga ka wuce. Saboda haka na baya ba ya sauraron na gaba. Hannun madugun da ke kan dakali yana nuna musu bugu yake kallo, na bakin fili kuma su saurari na baya su bi. Ya ce minti goma sha ɗayan nan bai tuna komai a cikinsu ba, sai farin safar hannun madugu da numfashin na kusa da shi.

Ranar Asabar da dare manya goma sha biyu ke karawa. Na fara ganin wannan dare a 2016, wata maƙwabciyata ta ja ni, na tafi da Auta yana ɗan firamare. A shekarar ne Bluecoats ta garin Canton ta fito ba hula ba kakin soja, cikin fararen kaya masu kama jiki, da wasu gangara da suke hawa suna sulalowa, ta kuma ɗauki kofinta na farko. Dattawan da ke bayanmu sun yi ta gunaguni wai an ɓata abin gado, matasa kuwa kamar su tsaga rufi. Ban fahimci rigimar ba a lokacin. Abin da na riƙe shi ne lokacin da masu ƙahonin suka juyo gaba ɗaya suka fuskance mu suka saki busa: a ƙirji na ji ta kafin kunne. Na waiga na ga yaron ya saki baki, daga ranar kuwa tukwanena suka shiga uku.

Wanda ake yawan ba da labarinsa a motar girki kuwa shi ne daren 2008 a Bloomington. Ban gan shi da ido ba, sai a bidiyo, amma matar da muke yankan albasa tare tana wurin, kuma duk sanda ta ɗauko zancen sai ta ajiye wuƙa. Phantom Regiment ta garin Rockford ta yi wasa a kan Spartacus, bawan nan da ya jagoranci tawaye a daular Rum. Ranar farko ta zo ta uku, washegari ta biyu. Daren ƙarshe, da wasan ya zo gangara, dubban 'yan kallo suka miƙe suna ihun “Ni ne Spartacus!” tare da 'yan wasan. Aka karanto maki: Blue Devils 98.10, Phantom Regiment 98.125. Tazarar 0.025 ke nan, a kan ƙungiyar da ta fi kowa kofi. Zuwa 2023 Blue Devils ta tara 21, kuma ita ke riƙe da maki mafi yawa da aka taɓa samu, 99.65 a 2014. A 2025 kuma na ga wani daren da idona, sanda Boston Crusaders, wadda aka kafa tun 1940, ta ci kofin DCI karo na farko. Tsofaffin 'yan wasanta masu furfura sun cika wani sashe na kujeru, ba mai ɓoye hawayensa.

Sannan abin yana da wa'adi. Da ka kai shekara 22, ka gama, sai fa wanda ranar haihuwarsa ta faɗo daga 1 ga Yuni zuwa sama, shi yana da damar ƙarasa wannan shekarar. Daren Juma'a akan tara masu tafiya a fili a yi musu ban kwana, da yawansu su tuɓe takalman macinsu su bar su a wurin su fita da safa. Washegari wasu za su yi wasansu na ƙarshe, wasu kuwa sun riga sun yi. Litinin kowa ya koma jami'a ko wurin aiki.

To Baffa, ga amsarka. Kiɗan nan ba na gado ba ne, ba kuma na roƙo ba. Ba a wasa kowa, ba a ambatar sunan mai kuɗi, ba a liƙi. Wanda ya ci kofi lambar wuya yake samu, ba ko sisi. Hasali ma su ke biya. A manyan ƙungiyoyi kuɗin shekara yakan haura dala dubu biyar, ban da kuɗin jirgi zuwa gwaje-gwajen da ake farawa tun Nuwamba. Auta ya yi aikin kanti duk lokacin sanyi, ni na cika masa sauran. Abokan gangarsa, ɗaya injiniya yake karanta, ɗaya aikin jinya, ɗaya yana son zama malamin kiɗa a makaranta.

Kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan abin, duk da son da nake masa. Abin da aka fara don yaran unguwa, 'ya'yan ma'aikatan masana'anta, yanzu sai ɗan wanda iyayensa ke da hali. Na ga yarinya mai baiwa ta ci gwaji ta koma gida saboda kuɗi. Ana ta ƙara kayan ado da na'urorin sauti da tireloli, kowace ƙungiya na tsoron a bar ta a baya, kuɗin kuma a kan yara yake sauka. Su kansu ƙungiyoyin ba su tsira ba. Santa Clara Vanguard, zakarar 2018, ba ta iya fita ba a 2023 saboda rashin kuɗi. The Cadets, wadda aka kafa a 1934 ta kuma ci kofi goma, matsalar kuɗi da ta shari'a sun rufe ta a 2024.

A matsayina na uwa, akwai abubuwan da nake sa wa ido. Shigar atisaye a wannan zafi ba irin wadda muka saba ba ce, maza da mata, kuma na faɗa wa Auta abin da na yarda da wanda ban yarda ba. Salla yana yin ta a kusurwar ɗakin kwana ko bayan bas, ta matafiyi, ba wanda ya taɓa tsangwamarsa. Ranar da aka dafa naman alade akwai tukunyar marasa cin nama, kuma teburin burodi da tunkuzar gyaɗa ba ya ɗagawa. Babban abin da ya sa na fara bin su shi ne labarin 2018, sanda jaridar Philadelphia Inquirer ta bankaɗo zarge-zargen cin zarafin mata a kan shugaban wata babbar ƙungiya, har ya sauka. Tun daga nan aka tsaurara binciken duk wanda zai kusanci yaran. Ni ma sai da aka bincike ni kafin a ba ni ludayi. Duk da haka na fi son idona ya kasance a wurin.

Saura masa shekara biyu. Ya ce a Nuwamban nan zai gwada sa'arsa a ɗaya daga cikin manyan goma sha biyun, inda gurbin manyan ganguna biyar ne kacal, masu nema kuwa daga ko'ina suke zuwa, har daga Japan da Turai. Na ce masa ya fara kawo mini sakamakon jarrabawar zangon nan tukuna. Mai son ganin abin da idonsa ya nemi sunayen ƙungiyoyin da na ambata a YouTube, amma ya sa abin kunne, don lasifikar waya ba ta ɗaukar manyan gangunan.

A gaida Inna da jiki, a gaida yara. Gwaggo, babu albashi, amma ya ce zai turo miki hotonsa da kakin.

Wassalam,
'yar uwarku a Indiyanapolis.