Wasiƙa daga Ingila: inji biyu a kowace mashaya

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya sanyi? Mu nan tun ƙarfe huɗu na yamma duhu ke rufe gari, sai godiyar Allah.

Wani aboki ya tambaye ni a waya wane aiki nake yi a ofishin ƙaramar hukuma. Na ce masa shigar da takardun lasisi. Ya ce, "Na tuƙi?" Ina ma! Takardun 'yan tasi suna zuwa teburina, na masu sayar da abinci cikin dare ma haka, amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce 'yar gajeriyar takardar da masu mashaya ke aikowa don ajiye injin caca.

Dokar caca ta 2005, wadda ta fara aiki gadan-gadan a Satumban 2007, ta ba duk mashayar da ke da lasisin sayar da giya a sha a wurin damar ajiye inji biyu. Mai gidan ba roƙo yake yi ba, sanarwa ce kawai: ya rubuto, ya biya fam 50, shi ke nan. Gidan abincin da sai da abinci ake ba mutum giya ba ya cikin wannan gatan. Wanda ke son inji uku ko fiye shi ne zai nemi izini na musamman, fam 150 kuɗin nema, fam 50 kuma duk shekara. A nan ne hukuma ke da bakin magana, tana iya ba shi, ta hana shi, ko ta rage masa adadin da ya nema.

Injinan ma aji-aji ne. Na mashaya iri biyu ne kawai. Ajin C, fam 1 ne iyakar abin da za ka zuba a bugu ɗaya, fam 100 iyakar abin da za ka ci, kuma sai ɗan shekara 18. Ajin D na kuɗi kuwa kwabo 10 ake zubawa a ci fam 5. Har yau idan na rubuta fam da kwabo sai na tuna kakata, wadda har ta rasu ba ta daina lissafi da su ba, duk da naira ta shigo tun 1973.

Sau ɗaya na taɓa bin jami'in dubawa zuwa wata mashaya, da hantsi, ba a jima da buɗewa ba. Warin tsohuwar giya ya kama kafet, injin kuma yana can a lungu yana ƙyalli da hotunan lemo da kankana, shi ya sa mutanen nan ke kiransa injin 'ya'yan itace. Wani dattijo na tsaye a gabansa, kofi a hannun hagu, tsabar kuɗi a dama, ko waiwayo bai yi ba. Jami'in ya zagaya bayan kanta, ya tsaya inda mai zuba giya ke tsayawa, ya leƙa. Ginshiƙi ya tare injin. Ƙa'idar Hukumar Kula da Caca, mai hedikwata a Birmingham, ta ce dole ma'aikata su iya sa ido a kan injin, kuma idan akwai ATM a ajiye shi nesa yadda sai mutum ya bar wasan kafin ya ciro kuɗi. A ranar aka sa mai gidan ya ja injinsa fili, yana ta ƙunƙuni wai can ne kaɗai akwai soket.

To duk tsaron da ake taƙama da shi a kan idon wannan mai zuba giyar ya rataya, mutumin da ke fama da layin mashaya daren Asabar. A 2018 Hukumar Kula da Caca ta tura yara 'yan ƙasa da 18 gwajin buga injin ajin C a mashayu, a kashi 88 cikin 100 na mashayun ba wanda ya ce musu kanzil. Ni dai ban yi mamaki ba. Kuɗin da inji ya tara ana raba shi ne tsakanin mai mashaya da kamfanin da ya ba da hayar injin, gwamnati kuma na yankar kashi 20 cikin 100 na ribar injin ajin C. Wa zai kori mai kawo masa ciniki?

Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa giya da caca wuri guda ta haramta. Su ma Turawa sun haɗa su wuri guda, amma a takardar izini. Shi ya sa aikin nan ke damuna, har na kai maganar gaban limaminmu, ya ce in ci gaba da neman canjin sashe. Na cike takardar neman canjin, tana can tana jiran sa hannu.

Kafin nan, jiya ma wani ya aiko yana neman inji biyar a mashayar da ba ta fi shagon tela biyu girma ba. Jami'in zai je ya gani ranar Laraba.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a arewacin Ingila