Ranar da na ɗora sukarin zobona a sikeli

Shekara bakwai kenan ina sana'ar kayan sanyi a unguwarmu nan cikin Kano. Da firiza ɗaya na fara da kiret biyar na lemon kwalba a soron gidanmu, yanzu Alhamdulillah ɗan shago ne da firiza uku da 'yan mata biyu da suke tayani wanke goruna da ɗurawa. Zobo muke yi da kunun aya da jinja da tsamiya, lemon kamfani kuma har gobe ina sarowa, ba zan ɓoye muku ba, don shi ne baya kwantai, ko kwana uku NEPA ta yi bata kawo wuta ba babu abinda zai same shi. Kunun aya kuwa ki bari ya kwana ba sanyi, da safe ya yi tsami gorar ta kumbura, sai dai ki zubar ki rungumi asara.

Bara waccan aka gano Hajiyarmu tana da ciwon suga. Dama mun ga alamu, yawan fitsarin dare, ƙishirwa kamar me, ga rama ba dalili, kuma ita mace ce da bata cin abincin rana sai da lemo mai sanyi a gefe, daga firizata ma ake ɗauko mata. A asibiti nas ɗin ta ce lemo kam an yi sallama da shi. Ni kuma da rawar kaina na ce ai babu damuwa sista, zobo nake yi na gida mai tsafta shi zan dinga bata. Sai ta kalle ni ta ce "Hajiya, sukari nawa kike zubawa a ciki?" Wallahi shiru na yi, don ni da kwano nake awo, sauran kuma harshe ne, in ɗanɗana in ƙara har sai ya yi.

Da na koma gida na aro sikelin maƙociyata mai yin kek. Bokitin da nake haɗi lita 20 ne, gora 40 yake bani 'yar 50cl, sukarin da na saba zubawa na ɗora sai ga kusan kilo 2. Wato giram 50 kenan a kowace gora. Na ɗauko gorar Coke na juya bayanta, giram 10 da ɗoriya a kowane 100ml, 'yar 50cl ɗin ta ɗan haura giram 50, cokalin shayi 12 zuwa 13. Ashe duk kanwar ja ce! Shekara da shekaru ina cewa kwastomomi ku bar lemon bature ku sha na gida, alhali ratar dake tsakaninmu bata kai cokali ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma cewa ta yi babban mutum kada sukarin da yake sha a wuni ya wuce misalin cokali 12 ɗin nan, in ya tsaya a 6 ma ya fi, toh gora ɗaya ta cinye kason, ba a maganar shayin safe da koko.

Abinda ya fi damuna da sukarin ruwa shi ne baya ƙosarwa, ka shanye gora guda ka zauna ka ci tuwonka daidai kamar baka sha komai ba, ƙiba na taruwa a hankali, suga na biyo baya. Ga haƙoran yara, ina ganinsu kullum in an tashi daga Islamiyya, yaro ɗan shekara shida haƙoran gaba duk sun ci.

Karon farko wauta na yi, na raba sukarin biyu rana ɗaya. Wani mai adaidaita da kullum yake sayen gora biyu ya kurɓa ya yatsina fuska ya ce "Hajiya yau sukarin ne ya gudu ko tsada ya yi?" Ranar sai da rabin zobon ya kwana. Sai na koma ragewa kaɗan-kaɗan duk sati, na ƙara citta da kanumfari, ina dafa ɓawon abarba a ciki, wani lokaci in markaɗa kokwamba, ƙamshin sai ya rufe gurbin zaƙin. Cikin wata huɗu na dawo kilo 1 a bokiti kuma ba wanda ya ƙara magana, har shi mai adaidaitan. Kunun aya da dabino da kwakwa nake haɗa shi, amma ina gaya wa masu suga dabino ma zaƙi ne, kar su ce an samu banza.

Yanzu murfi biyu gare ni, ja mai sukari, fari ba ko ƙwaya. Farin gora goma kawai nake yi a rana, dattawa ne ke saye. Wasu cewa suke maganin hawan jini ne, ni dai cewa nake zobo mara sukari yana ɗan taimakawa amma kar wanda ya ajiye ƙwayarsa saboda gorata. Harajin naira 10 da gwamnati ta ɗora wa kowace litar lemo a 2022 kuwa, a shagona dai ban ga ya hana kowa sha ba, balle da azumi, ana kiran magariba mutum zai kafa kai ya shanye gora kafin ma ya nemi ruwa.

Hajiyarmu farin murfi take sha yanzu, tana sha tana mita wai kamar jiƙo. Jibi kuma inada odar suna, gora 200, uwar mai jegon ta kira ni har sau biyu wai dan Allah in cika sukari kar a ce sun yi rowa. Na ce toh Umma, amma kilo ɗaya da rabi zan sa a kowane bokiti, 30 daga ciki kuma farin murfi ne.