Wata shida ina shafa retinol a kan baƙin tabon fuska

Ƙurajen da suka feso mini a kumatu bayan na yaye ɗana sun warke, amma sun bar baƙin tabo da ya ƙi gushewa. Ban so in bi hanyar man bilicin ba, domin na ga yadda ya mayar da fuskar wata maƙwabciyata, saboda haka na je wurin likitar fata a nan Maraɗi. Kafin ta rubuta mini retinol, wanda dangin bitamin A ne da ke hanzarta sabuntar saman fata har tabo ya dusashe, sai da ta tabbatar ba ni da juna biyu, domin mai ciki ba ta amfani da shi.

Ta ce in sayi mai ƙarfin 0.3 cikin 100, in riƙa lakatar kamar ƙwayar wake, da dare kawai, sau biyu a mako. Ni kuwa garaje ya sa na riƙa shafawa kullum, ga shi watan Disamba ne, hunturu ya riga ya busar da fata. Cikin kwana goma fuskata ta fara saɓa, ruwan alwala ya koma mini kamar barkono, tabon da nake son kora kuma ya ƙara duhu. Da na koma, likitar ta bayyana mini cewa baƙar fata duk inda ta ji rauni ƙara launi take yi, don haka ƙunar da na jawo wa kaina sabon tabo take haifarwa.

Na dakata mako biyu ina shafa man kaɗanya kawai, sannan na koma bisa ƙa'ida. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne man kariya daga rana mai lamba 50, wanda a farmasi ya fi retinol ɗin tsada, kuma a da ina ganin na Turawa ne. Hijabi ba ya rufe kumatu, ni kuma kullum ina bisa kabu-kabu da tsakar rana, sai ya zame mini dole in sake shafa shi bayan alwalar azahar. Kwalbar retinol ɗin kuwa cikin akwati nake ɓoye ta, saboda haske da zafi suna kashe ƙarfinsa.

Sai a wata na uku na fara ganin canji. Zuwa watan Yuni kuncin dama ya washe, na hagu kuwa har yanzu da ɗan sauransa.