Hoton da ya riga ni isa Maraɗi

Tun da na zo Amurka ba abin da ya ci mini rai kamar maganar hoton nan. Na sha sanyi, na sha tsayuwar dare a wurin aiki har ƙafafuna suka kumbura, an daka mini tsawa da Turancin da ban ji rabinsa ba, duk na haɗiye. Amma abin da mutumin garinmu ya yi mini, har yau in na tuna sai abinci ya fita kaina.

Mu 'yan Nijar muna da yawa a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, Zabarmawa da Hausawa. Kowa ya san kowa, kuma kowa yana da lambar wani a gidan kowa. In ka yi atishawa a nan da hantsi, kafin la'asar an yi maka sannu daga Sabon Gari. A gidan wani dattijo na sauka, Kawu nake ce masa ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ya ba ni katifa, ya kai ni inda na samu aiki, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Besbol kuwa, wasan ƙwallo da kulki na Amurkawa, tsintarsa na yi. A wurin aiki aka raba tikitin kyauta, 'yan uwana suka ce su ba su ga abin kallo ba a wasan da mutum zai tsaya rana guda yana jiran ƙwallo. Ni ɗaki ya ishe ni, sai na tafi. Filin yana tsakiyar gari, First National Bank Field, an buɗe shi a 2005, yana cin mutum wajen 7,500. Ƙungiyar garin Grasshoppers ce, wato fara da Turanci, har da wani mai shiga rigar fara koriya yana rawa yara suna binsa. Na zauna ban san wa ke cin wa ba. Wani ya yi jifa, wani ya kai duka da kulki bai samu ba, mutane suka yi ihu. Can aka daki ƙwallo da ƙarfi, na miƙe zan yi tafi, na ga kowa zaune. Abin da ya fara riƙe ni a kujerar gyaɗa ce. Soyayya da ɓawonta, cikin jakar takarda, ana ɓarewa ana watsar da ɓawon ƙasa ba mai harararka. A ƙasar da ko tsinke ka yar sai an dube ka! Ɗan Maraɗi da gyaɗa, ai sai na miƙe ƙafa.

Kusa da ni akwai wani tsohon Bature da takarda a cinya da guntun fensir a bayan kunne. Duk jifa sai ya ja layi ko ya sa wata alama a cikin ƙananan akwatuna. Ya yi aikin masaƙa a garin, a White Oak inda ake saƙa yadin jins kafin a rufe ta a 2017, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse wasu jihohi. Baba Mai Fensir na sa masa. Shi ya koya mini turmi tara ake yi, mai duka in ya kuskure sau uku ya fita, a fitar da mutum uku a sauya hannu. Ya sa na sayi tawa takardar. Yanzu in ka ba ni takardar wasan da ban gani ba, zan karanta maka shi tun daga jifan farko.

Abin da na daɗe ban yarda da shi ba, yaran nan ba na Greensboro ba ne. Na Pirates ne, babbar ƙungiyar Pittsburgh, ita ke ɗaukarsu, ita ke biyansu, ita ke cewa gobe wane ya tattara kayansa. Tsani ne: Bradenton a Fulorida, sai Greensboro, sai Altoona, sai Indianapolis, sannan Pittsburgh ga wanda Allah ya tsaga da rabonsa, kuma mafi yawansu ba za su taɓa taka can ba. Wata rana wani yaro yana jifa kamar aljani, ba wanda ya iya taɓa ƙwallonsa, sai ga mai horarwa ya fito ya karɓe ƙwallon a hannunsa. Wai adadin jifan da aka yanka masa ya cika, kada kafaɗa ta lalace. Wanda ya canje shi ya zubar da wasan. Na tashi ina faɗa da Hausa. Baba Mai Fensir ya ja rigata yana dariya, ya ce, "Ɗana, zauna. Aronsu aka ba mu." A bayan raga kuwa ga wasu mutane zaune da na'urar auna gudun ƙwallo da kwamfuta, ba sa tafi, ba sa murmushi, ba ruwansu da wanda ya ci. Su ne idon manyan ƙungiyoyi.

Wanda ya taso yana bin kokawa zai gane daɗin abin. Ka ga yaro a dandalin ƙauye bayan girbi, tun ba shi da kirari, ka ce wa na kusa da kai wannan sai ya ɗauki takobi, shekaru su wuce ka ji sunansa a rediyo. Tsohon nan haka yake da Derek Jeter. Ya gan shi a tsohon filin garin, War Memorial, a 1993, lokacin ƙungiyar tana ƙarƙashin Yankees ta New York, yaro ɗan shekara 19 ramamme, ya tafka kuskure 56 a kakar wasa ɗaya. Ya ce mutane har rufe ido suke in ƙwallo ya nufe shi. Shi ne daga baya ya zama kyaftin ɗin Yankees. Ya ga Giancarlo Stanton ma a 2008, yana da shekara 18, ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 39. Takardun duk suna gidansa cikin kwali.

To, hoton. Watan Agusta ne na 2023, ranar Alhamis, ranar da ake karya farashin giya a filin, don haka matasa suka cika wurin. Lokacin aka hauro da Termarr Johnson, ɗan Atlanta, gajere kakkaura mai duka da hagu, wanda Pirates suka zaɓa na huɗu a duk ƙasar a 2022 suka ba shi sama da dala miliyan 7 tun bai buga musu ko sau ɗaya ba. Na sa koriyar hulata, na ɗauki kaina hoto da filin a bayana, na ɗora a WhatsApp. A gefen hoton, kan hannun kujera, akwai kofin roba na wani saurayi da ke zaune dama da ni. Nawa kofin lemo ne, yana ƙasa tsakanin ƙafafuna, bai fito ba.

Kawu ya gani. Gidansa da nawa ba su kai tafiyar minti goma a mota ba, lambata tana wayarsa, ranar Juma'a sahu ɗaya muke tsayawa. Bai kira ni ba. Ya zagaye kofin da jan layi ya tura wa Yaya a Maraɗi, da saƙon murya cewa yaro ya fara lalacewa, kullum yana gidan wasa inda ake shaye-shaye har karnuka na yawo cikin mutane. Maganar kare gaskiya ce ta wani ɓangare: ƙungiyar tana da al'adar horar da kare ya riƙa ɗauko kulkin 'yan wasa a baki, wata baƙar karya mai suna Miss Babe Ruth ta yi suna da wannan aikin shekara da shekaru. A cikin fili yake aikinsa, ni ina bisa kujera, ko warinsa ba na ji.

Ku tuna wane lokaci ne. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli, an rufe iyaka, hanyar Jibiya da Ɗan Isa ba shiga ba fita, Najeriya ta yanke wuta, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo. Yaya ya kira ni ina tsakiyar barcin rana bayan aikin dare, ko sallama bai ƙarasa ba. "Auta, mu muna nan cikin duhu muna auna hatsi da gwangwani, kai kana can kana kallon ƙwallo da kofin giya a hannu?" Na ce, "Yaya, wane wata ne ban turo ba?" Ya yi shiru, don ya san a watan ma ninkawa na yi. Tikitin bai kai ladan aikina na awa guda ba. Ya ce ba maganar kuɗi yake ba. Na ce to maganar me? Ya kashe waya.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Saƙon murya ta sa jikarta ta ɗauka, ina jin kaji a bayanta. "Autana, ka riƙe salla. In can ta yi maka nauyi ka dawo, tuwo bai ƙare a gidan nan ba." Shi ke nan. Matar da ta sayar da shanunta biyu aka cika kuɗin jirgina. Na rantse mata da Alƙur'ani, ta ce ta yarda, amma na san muryar Inna in ta yarda da kuma in ta bar wa Allah.

Da ma Kawu ya zo ya gani da idonsa. Da bazara rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen takwas da rabi, Magariba tana riskata a tsakiyar wasa. Akwai wani lungu bayan matakala, nan nake shimfiɗa 'yar dardumata. Wata baƙar mata mai duba tikiti ta saba da ni, in ta ga na nufi wurin sai ta tsaya ta tare yara kada su gifta. Naman da suke sa wa cikin burodi ban taɓa kai shi baki ba. Tsohon da kansa yake cike mini takardata in na tafi salla, da na dawo ya nuna mini da fensir abin da ya wuce. A fadarmu ta ranar Lahadi kuwa, inda ake dafa shayi ana gardamar siyasar Yamai, sunana ya koma Sarkin Fara. Ina dariya tare da su. Ban daina zuwa fili ba, hoto ne na daina ɗorawa.

Ba Termarr ne ya fi zama a raina ba, shi da miliyoyinsa. Yaran Jamhuriyar Dominika da Benezuwela ne, waɗanda ake ɗauka tun suna shekara 16, su zo ba Turanci, a zuba su cikin bas daga wannan gari zuwa wancan, wasa shida a mako, Litinin kaɗai hutu. Kafin 2023 ɗan wasa a wannan matakin dala 11,000 yake samu a shekara, sai da suka kafa ƙungiyar ƙwadago aka mayar da shi 27,300, gidan kwana ma sai a 2022 aka wajabta wa ƙungiyoyi su ba su. Bayan wasa ina ganinsu a bakin ƙofa, waya a kunne, suna magana da ƙarfi suna dariyar da ba ta kai ciki ba. Ba na jin yarensu amma na san da wa suke magana, na san kuma me ake tambayarsu. Wata rana ka duba takarda ka ga babu sunan yaro. Ba a haura da shi ba, an sallame shi ne, ba sanarwa ba ban kwana.

Tsohon ne ya ba ni labarin Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu, mutum na farko haifaffen nahiyarmu da ya buga a babbar gasar besbol ta Amurka. Pirates suka ɗauke shi a 2008, ya yi ta hawa tsanin nan har 26 ga Afrilun 2017, kuma a tsayuwarsa ta farko ya daki ƙwallo ya isa tashar farko cikin tashoshin da mai duka yake zagayawa da gudu. A ɗaki ɗaya ya girma, jikin filin besbol inda mahaifiyarsa take aikin shara da girki. Ta rasu a 2013. Tsohon yana ba ni labarin don in yi alfahari, ni kuwa lissafin shekarun Inna nake yi.

A 2025 aka kawo Konnor Griffin, ɗan Misisipi, dogo, shekara 19. Kallo biyu na yi masa, yadda yake tashi da gudu daga tashar farko kafin mai jifa ya ankara, na ce wa Baba Mai Fensir wannan ba zai ga ƙarshen kaka a nan ba. Ya ce in bari mu gani. A Yuni ya zo, a Agusta ya wuce Altoona, kafin shekara ta ƙare masana suna cewa babu mai tasowa kamarsa a duk Amurka. Tsohon ya cire hula ya miƙo mini hannu. Na fito fili kaina ya yi girma, na shiga mota, na rasa wanda zan gaya wa da Hausa. Na kira ɗana Maraɗi ina ta zuba, ya saurara da ladabi, da na gama ya ce, "Abba, rigar Lamine Yamal ɗin fa?"

Yaron ya shiga aji biyar, tsawonsa ya kusa kafaɗar uwarsa, a waya nake ganin haka. Takardun zuwansu nan sun tsaya cik, ba gaba ba baya. Ruwan da aka yi a Maraɗi ƙarshen Agustan 2024 ya kayar da katangar gidanmu ta gabas da ɗakin da Inna take ajiye hatsi, har yanzu da zana aka kare wurin. Ni da Yaya mun koma magana, amma iyakarta siminti da bulo da kuɗin magini. Ya ce a fara da ɗakin, ni na ce katanga, don akuyoyin maƙwabta sun gama da zogalen Inna. Hular ƙungiyar da na aika wa ɗana, matata ta ce Yaya ya karɓa ya ajiye, wai sai ya girma.

Wata mai zuwa Kawu zai aurar da 'yarsa, an buɗe karo-karo a fada, kowa dala ɗari. Na bayar da tawa tun makon jiya, ta hannun wani. Matarsa ta kira ta ce ni zan ɗauko kujeru da tukwane da motata ranar walima, na ce to.